Windows, Mac da Linux a kan folda ɗaya: inda gizo ke saƙar

Ofis ɗaya, kwamfutoci kala uku. Akanta da sakatariya suna kan Windows, mai zanen fosta da haɗa bidiyo ya riƙe Mac ɗinsa gam, can ɗakin sabar kuma akwai injin Linux da ke ɗauke da rumbun bayanai. Shugaba ya gaji da yawon filashi daga tebur zuwa tebur da bairos ɗin da yake kwasowa, ya ce a buɗe wuri ɗaya a sabar, kowa ya ajiye aikinsa can, ya ɗauka can. A baki abin ba wuya. A aikace kuwa, kai fayil daga wannan inji zuwa wancan shi ne mafi sauƙin aikin, an daɗe da gama da shi. Abin da ke hana mai kula da netwok barci shi ne injunan nan uku su yi ittifaƙi a kan wane ne ya zo, da kuma abin da aka yarje masa ya taɓa.

A fara kawar da wani ruɗu. Wanda ya taɓa jona faifan Windows a Mac ya ga yana karantuwa amma ba ya rubutuwa, ko filashin FAT32 ya ƙi karɓar bidiyon da ya kai gigabait 4, zai zaci haka za a sha fama a netwok. Ba haka ba ne. A netwok kwamfutarka ba ta taɓa faifan sabar da kanta. Saƙo take aikawa: buɗe mini wannan, karanto daga nan zuwa nan, rubuta wannan, rufe. Sabar ce ke aiwatarwa a faifanta, ko tsarin faifan NTFS na Windows ne ko ext4 ko ZFS, ba ruwanka. Abin buƙata kawai su biyun su ji yare ɗaya.

Yarukan da suka yi tashe uku ne. SMB ya fito daga IBM a 1983, hannun Barry Feigenbaum, Microsoft ta ɗauka ta mayar da shi na gida. Kamfanin Sun Microsystems ya fito da NFS a 1984 don injunan Unix, tsarin da Linux da Mac suke bin salonsa. Apple kuma tana da nata AFP. Yau an kusa rufe wannan babin: tun OS X Mavericks na 2013 Apple ta koma SMB, daga baya ma ta cire ikon raba folda ta AFP daga macOS. Linux na jin SMB ciki da bai. Mai Windows ya rubuta \\sabar\lissafi, mai Mac ya danna Command da K ya rubuta smb://sabar/lissafi, mai Linux ya ɗaura foldar da umarnin mount, duk wuri ɗaya suka nufa.

Yadda Linux ya iya wannan yaren labari ne mai zaman kansa. A ƙarshen 1991 wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, Andrew Tridgell, ya zauna yana sauraron saƙonnin da ke wucewa a waya tsakanin injuna, yana warware ma'anarsu ɗaya bayan ɗaya, don babu takardar bayani a hannunsa. Abin da ya rubuta shi ne ya zama Samba, manhajar da ke sa Linux ya raba folda ta SMB. Shekara da shekaru masu Samba suna bin Microsoft a baya da lalube, duk sauyin da ta yi sai sun sake zaman saurare. Sai da hukuma ta shiga tsakani: a Maris 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497, ta kuma umarce ta da ta bayyana wa abokan hamayya yadda sabobinta ke magana da juna. Kotu ta tabbatar da hukuncin a Satumba 2007, a Disamban shekarar aka biya Yuro 10,000 aka karɓi takardun a madadin masu Samba. Ƙaramin akwatin ajiyar nan na NAS da ake saya a ajiye a kusurwar ofis, yawancinsu Linux ne da Samba a ciki, ko mai shi bai sani ba.

To, yare ya daidaita. Saura sanin mutum.

A netwok da ba shi da cibiya, kowace kwamfuta da nata littafin sunaye. Ma'aikaci ya canja kalmar sirri, sai an bi inji-inji an canja. Ya bar aiki, sai an bi an goge, kuma ba a rasa inda aka manta. Ga shi Windows na tebur ba ya karɓar haɗi fiye da 20 a lokaci guda, don haka dabarar nan ta mayar da kwamfutar sakatariya sabar ba ta kai ofis ko'ina. Maganin da Microsoft ta kawo tare da Windows 2000 shi ne Active Directory: rajista ɗaya ta mutane da rukunoni da injuna, a hannun sabar domen, wato sabar da ke kula da duk injunan da aka haɗa ƙarƙashin wannan rajistar. Tantancewa kuma ta hanyar Kerberos ake yi, tsarin da ya fito daga jami'ar MIT ta Amurka. Da safe ka shiga da kalmar sirrinka, sabar domen ta ba ka tikiti wanda a bisa al'ada yake yin awa 10. Za ka buɗe folda, sai kwamfutarka ta nuna wannan tikitin ta karɓi wani na musamman don sabar fayiloli. Sabar fayilolin ba ta ga kalmar sirrinka ba, ba ta kuma buƙatar gani. Mac na iya shiga wannan domen, Linux ma haka ta hanyar manhajar winbind ko SSSD, kuma tun Samba 4.0 na Disamba 2012 injin Linux kan iya zama shi ne sabar domen ɗin gaba ɗaya. Wanda ba ya shiga shi ne Windows Home, irin wanda ke zuwa a yawancin laftof ɗin da ake saya a kasuwa. Ofis ya sayo guda goma sai ranar haɗawa a gane, sai a koma neman lasisin Pro.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne nan: babu injin da ya san mutum da sunansa. Suna don idonmu ne. Windows ya san ka da doguwar lamba da ake kira SID, mai farawa da S-1-5-21, sai lambobin domen ɗin, sai wutsiya wadda taka ce kai kaɗai. Linux da Mac kuwa gajeriyar lamba suka sani, UID ga mutum, GID ga rukuni. Mutum na farko da aka buɗe wa asusu a yawancin Linux lamba 1000 yake samu, a Mac 501, asusun shugaban inji mai cikakken iko kuma sifili. Duk fayil ɗin da ke kan faifan Linux, abin da aka rubuta a kansa shi ne "na mai lamba kaza ne". Saboda haka in akanta ya zo da SID ɗinsa daga domen, dole sabar Linux ta yanka masa UID, kuma yadda ake yanka ta ɗin nan shi ne tushen rabin rigingimun da ake gani.

Ɗauki misali. Ofis na da sabobin Linux biyu, an bar kowace tana raba lamba bisa wanda ya riga zuwa. A ta farko akanta ne ya fara shiga, ya sami 10000. A ta biyu mai kula da sito ne ya riga, shi ma 10000. Wata da watanni babu wanda ya lura, don kowace sabar tana daidai a gidanta. Ranar da faifan ta farko ya fara ciwo aka kwashe fayiloli zuwa ta biyu da lambobinsu, sai foldar albashi ta wayi gari mallakin mai sito, akanta kuma yana ganin "Access denied" a kan takardun da shi ya rubuta. Babu kutse, babu bairos. Lamba ce ta koma hannun wani.

Hanyoyin kauce wa wannan biyu ne sanannu. Ko dai a lissafo UID daga wutsiyar SID da ƙa'ida ɗaya a ko'ina: in an ce a fara daga 10000, wanda wutsiyarsa 1105 ce zai zama 11105 a duk sabar da aka saita haka. Ko kuma a rubuta wa kowa UID ɗinsa a cikin Active Directory ɗin kanta, kowane inji ya karanto daga can. Ta farko ba ta da wahalar kulawa, ta biyu ta fi dacewa da wurin da dama akwai tsofaffin lambobin Unix da ba a so a taɓa. Ni dai a ƙaramin ofis ta farko zan zaɓa. Wanda ba shi da kyau shi ne gauraya, wannan inji winbind da nasa lissafin, wancan SSSD da nasa, domin in ba a daidaita su da gangan ba lambobi daban za su ba mutum ɗaya. Kuma shawara ce ta ranar farko. Canja ta bayan fayiloli sun taru yana nufin bin kowane fayil a sauya masa mai shi.

NFS ya ƙara fito da wannan fili. A tsohon salonsa, wanda har yanzu shi aka fi amfani da shi, sabar ba ta tantance mutum, abin da kwamfutar da ta zo ta faɗa shi take ɗauka. Kamar mai gadin da ke duba lambar da ke jikin riga ne, ba ya ɗaga kai ya dubi fuska: duk wanda ya sa rigar ya wuce. Wanda ke da ikon shugaba a laftof ɗinsa ta Linux, in an yarda wa injinsa ya ɗaura foldar, zai iya buɗe asusu mai lambar akanta ya shiga a matsayinsa. Akwai kariyar root_squash da ke ƙasƙantar da mai lamba sifili, amma ba ta hana aron lambar wani. Ga kuma iyakar rukuni 16: wanda ke cikin rukunoni fiye da haka, sauran ba sa isa sabar, sai a ga yana shiga wasu foldoji wasu kuma sun ƙi ba dalili. NFS na huɗu tare da Kerberos ya toshe ɓarakar, sai dai saita shi aiki ne. Shi ya sa NFS ya fi kyau tsakanin sabar da sabar a ɗaki mai kulle, teburin ma'aikata kuma a bar wa SMB. Ko a SMB ɗin ma akwai tarko ga masu Linux: in aka ɗaura folda da asusu ɗaya ga injin gaba ɗaya, duk wanda ya zauna a injin da wannan sunan sabar za ta gan shi, ranar da fayil ya ɓace babu yadda za a san wa ya goge.

An san mutum, saura izini, kuma a nan ma hankalin tsarin biyu ba ɗaya ba ne. Unix na asali gida uku ya sani: mai fayil, rukuninsa, sauran jama'a, kowanne da karantawa, rubutawa, gudanarwa. Shi ke nan. NTFS kuwa jerin sunaye yake liƙa wa kowane fayil, mai tsawo yadda aka ga dama: wannan rukuni ya karanta kawai, wancan ya gyara amma kada ya goge, wane an hana shi ƙiri-ƙiri, kuma duk abin da aka ƙirƙira a ƙarƙashin folda ya gaji dokarta. Ba a iya cusa wannan jerin cikin gida uku ba tare da wani abu ya zube ba. Samba na iya adana jerin Windows ɗin cikakke a gefen fayil, amma da sharaɗin a bar shi ya yi mulki. In yau an saita izini daga Windows, gobe wani ya shiga sabar ya buga chmod, umarnin Linux na canja izini, a kan foldar, an sami dokoki biyu masu karo da juna, abin da allon Windows ke nunawa daban, abin da ke faruwa daban. Folda ɗaya, wurin saita izini ɗaya.

A ɓangaren Windows kansa ƙofa biyu ce, izinin rabon folda da izinin NTFS, kuma wanda ya fi tsanani shi ke cin nasara. Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki: kwafe fayil zuwa wata folda yana sa ya ɗauki dokar sabon wurin, amma matsar da shi a cikin faifai ɗaya kan bar shi da tsohuwar dokarsa. Takardar da aka jawo daga foldar sirri zuwa ta kowa da kowa sai ta ƙi buɗuwa ga kowa, wadda aka jawo daga ta kowa zuwa ta sirri kuma ba lallai ta zama sirri ba.

Idan abin ya ishi mai kula da netwok, jarabar da ke zuwa ita ce chmod 777 mai buɗe wa kowa komai, ko ya ba Everyone, wato kowa da kowa, cikakken iko, ƙorafi ya ƙare nan take. Ƙorafin ya ƙare, amma an mayar da sabar babban filashi. Bairos mai garkuwa da fayiloli da izinin wanda ya kama yake aiki, duk inda mutumin ke iya rubutu nan zai kulle. Hanyar da ta fi ita ce a ba rukuni izini, ba mutum ba, sannan a riƙa saka mutane a rukuni ana cire su. Sai dai a tuna jerin rukunonin mutum a cikin tikitinsa yake, wanda ya karɓa tun safe.

"Malam, ka ce ka sa ni a rukunin, ga shi har yanzu ta ƙi buɗuwa."

"Na sa ki, Hajiya. Ki fita daga asusunki gaba ɗaya ki sake shiga, ba rufe murfin laftof ba."

Wannan musayar kusan kowane ofis mai domen ya san ta.

Abubuwa biyu ƙanana kan rusa Kerberos ba tare da sun nuna fuskarsu ba. Na farko agogo. Tikiti na ɗauke da lokaci, kuma in bambancin agogon injuna ya wuce minti 5 ba a karɓa. Injunan Windows na domen suna ɗaukar lokaci daga sabar domen da kansu, Linux da Mac sai an nuna musu inda za su ɗauka. A wurin da wuta ke zuwa tana tafiya, injuna kuma na gwanjo ne da ɗan batirin agogonsu ya daɗe da mutuwa, inji kan tashi yana nuna wata shekara can baya, saƙon da zai fito a allo kuma ba zai ce agogo ba ne. Na biyu DNS, tsarin da ke fassara sunan inji zuwa lambarsa ta IP. Ta nan kwamfuta ke gano ina sabar domen take. Wani mai gyara ya zo ya sa 8.8.8.8, DNS na Google, don intanet ta yi sauri, intanet ta yi, domen ya ɓace. Sai a koma buga lambar IP ta sabar maimakon sunanta, folda ta buɗe, kowa ya yi murna, alhali an sauka daga Kerberos an koma tsohon tsarin tantancewa na NTLM, wanda Microsoft da kanta ta sanar a 2024 cewa ta daina bunƙasa shi.

Sunayen fayiloli ma da nasu. A Linux, Rahoto.docx da rahoto.docx fayiloli biyu ne, a Windows ɗaya ne, don haka foldar da aka cika daga Linux kan zo wa mai Windows da tagwayen da ba ya iya rarrabewa. Windows ba ya karɓar alamar tambaya, tauraro, ɗigo biyu da wasu 'yan alamomi a suna, ya kuma haramta sunaye irin su CON da NUL tun zamanin DOS. Mai Mac kuwa zai rubuta kwanan wata da karkatacciyar sanda a sunan fayil hankalinsa kwance, mai Windows ya ga wata baƙuwar alama a wurin. A Nijar, inda sunayen takardu da Faransanci suke, harafin é kan jawo tasa: ana iya adana shi a matsayin harafi ɗaya, ko e da alamarta daban, tsohon tsarin faifan Mac kuma salo na biyu yake bi, sai a sami foldoji biyu da ido ke gani iri ɗaya inji na gani daban. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa rabuwa haka, sun tsira daga wannan. Tarkacen .DS_Store da fayiloli masu farawa da ._ na Mac ne, Thumbs.db na Windows ne. Ba bairos ba ne, kuma Samba na da sashen fruit da ke rage na Mac ɗin.

Kulle fayil ya fi waɗannan haɗari. Windows na hana na biyu rubutu a fayil ɗin da wani ya buɗe ya riƙe. A Unix kullen na ganin dama ne, manhajar da ba ta tambaya ba za ta wuce ta rubuta abinta. In folda ɗaya aka raba ta SMB ga wasu, ta NFS ga wasu, ba tare da an haɗa kullen biyu ba, mutum biyu za su iya rubutu a fayil ɗaya a lokaci guda, wanda ya adana daga ƙarshe ya shafe aikin ɗan'uwansa, in rumbun bayanai ne ma ya lalace. Shi kuwa saƙon Excel na cewa wani na amfani da fayil alhali mutumin ya tafi gida, sau da yawa wuta ce ta ɗauke ta bar ɓoyayyen fayil mai farawa da ~$, ko sabar ba ta riga ta saki tsohon haɗin ba.

Sai tsohon SMB na farko. Microsoft ta sake gina yaren a Windows Vista, ta rage umarninsa daga sama da 100 zuwa 19, SMB 3 na 2012 kuma ya kawo ɓoye bayanai a kan hanya. Amma na farkon ya ci gaba da zama a kunne don tsofaffin injuna. Ranar 12 ga Mayu 2017 bairos ɗin WannaCry ya bi ta wata ɓaraka a cikinsa, ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, alhali maganin ɓarakar ya fito tun Maris. Yanzu sabon Windows ba ya zuwa da shi a kunne, Samba ma ta kashe shi tun fitowar 4.11 a 2019. Mai dawo da shi a ofisoshi yawanci tsohuwar firinta ce mai sikanin zuwa folda, wadda ba ta jin komai sai shi. Kunna SMB na farko a babbar sabar saboda firinta ɗaya ciniki ne na asara. A sabunta manhajar firintar, ko ta riƙa aikawa ta imel, ko a keɓe mata ɗan inji nata. Ƙofar 445 da SMB ke bi kuwa ba a buɗe ta ga intanet. Mai aiki daga gida ya biyo ta VPN, keɓantacciyar hanya mai tsaro zuwa netwok ɗin ofis.

Goge fayil daga foldar netwok a Windows ba ya kai shi kwandon shara, tafiya yake yi kai tsaye, sai in an kunna adana tsofaffin kwafi a sabar. Kuma ajiyar ko-ta-kwana da ta kwashi fayiloli ta bar izininsu rabin ajiya ce. Mafi muni shi ne rasa rajistar kanta. In sabar domen ta mutu babu kwafinta, aka gina sabuwa da suna ɗaya, aka sake buɗe wa kowa asusu da sunansa na da, SID ɗin kowa sabo ne. Fayilolin suna nan lafiya, amma a jerin izininsu babu sunan kowa sai dogayen lambobin S-1-5-21 na mutanen da sabon domen bai san su ba.

Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya leƙa wannan ramin. A ƙarshen Yuni 2017 bairos ɗin NotPetya, wanda ya taso daga Yukiren ta cikin wata manhajar lissafin haraji, ya bazu ta waccan ɓarakar ta SMB da kuma satar bayanan shiga na ma'aikata. Sabobin domen na kamfanin suna kwafar juna, an ɗauka wannan ya isa, sai ga shi an shafe su a tashi ɗaya. Kwafin da ya tsira a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma yake, inda ɗaukewar wuta ta raba sabar da netwok lokacin da abin ke yawo, daga nan aka ɗauki bayanan zuwa Ingila aka sake gina rajistar. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na wancan lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Davos na Janairu 2018 cewa sun sake ɗora sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ƙaramin ofis na buƙatar sabar domen ta biyu saboda mutuwar inji, yana kuma buƙatar kwafin rajistar a faifan da ake cirewa a kulle a durowa, tare da rubutaccen bayanin ƙa'idar da aka bi wajen yanka UID, domin duk wanda zai sake gina sabar Linux ɗin sai ya sa lambar farawa iri ɗaya da ta da.